Aikina yana cikin Google Drive, shin sai na ƙara da GitHub?

"Assalamu alaikum Malam. Ni da abokina muna haɗa manhajar waya ta lissafin kaya don masu shaguna, yau watanmu bakwai a kai. Foldar aikin gaba ɗaya tana cikin Google Drive a laftof ɗina, duk abin da na rubuta yana hawa da kansa. Abokina ya matsa sai mu koma GitHub, ni kuma ina ganin Drive ya wadatar tunda komai yana can. Makon jiya kwamfutar wani ɗan ajinmu ta mutu da aikinsa na shekarar ƙarshe, hankalina ya tashi. Wanne ya fi a cikin biyun? Ko in haɗa su, in fara amfani da Git amma in bar foldar a cikin Drive?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka nemi ruwa, ka yi daidai. Tambayarka ta ƙunshi abu uku: ko Drive kaɗai ya isa, ko GitHub ya fi shi, da ko za a iya cusa ɗaya a cikin ɗaya. Abokinka ya fi ka gaskiya, amma shi ma da sauransa. Ku koma Git yau ɗin nan. Ku ci gaba da amfani da Drive, sai dai a wani aiki daban da wanda yake yi muku yanzu. Shawarar nan taka ta ƙarshe kuwa, ta barin foldar Git a cikin Drive, ita ce mafi haɗari cikin duk abin da ka ambata, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Madubi ne da kai, ba ajiya ba

Abin da manhajar Drive take yi a kwamfutarka shi ne daidaita folda biyu, taka da wadda ke sabar Google (kwamfutar kamfanin da ke ajiye fayiloli a intanet), su zama iri ɗaya. Ka ƙara fayil, ya bayyana a can. Ka goge fayil, ya ɓace a can. Ka lalata fayil da hannunka ƙarfe biyun dare ido ya yi nauyi, lalataccen ne zai hau ya danne mai kyan. In ƙwayar cutar nan mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa ta shiga kwamfutarka, kullallun fayilolin za su hau su ma. Madubi ba ya tambaya, abin da ya tsaya a gabansa shi yake nunawa.

Ba zan zalunci Drive ba. In aka sace laftof ko ta ƙone, zai cece ka, kuma da ɗan ajin naku yana da shi da bai yi kuka ba. Yana kuma riƙe abin da aka goge a kwandon shara kwana 30, yana riƙe tsofaffin zubin fayil na kwana 30 ko zubi 100, duk wanda ya riga cika. Matsalar ita ce yana riƙe su fayil-fayil. Manhaja kuwa fayiloli ne ɗaruruwa da suka dogara da juna. A ce ranar Talata komai yana aiki, ranar Alhamis ka taɓa fayil goma sha huɗu, manhajar ta daina buɗewa. Abin da kake so shi ne aikin gaba ɗaya ya koma yadda yake ranar Talata. A Drive sai ka bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya kana cankar wane zubi ne ya dace da wane, alhali ba ka ma tuna waɗanda ka taɓa. Ga kuma ku biyu ne. Ranar da kai da abokinka kuka gyara fayil ɗaya a lokaci ɗaya, Drive bai san yadda zai haɗa rubutunku ba.

Wannan aikin aka ƙirƙiri Git dominsa. Linus Torvalds ne ya rubuta shi a watan Afrilun 2005, lokacin da masu haɗa Linux suka rasa izinin amfani da BitKeeper kyauta, wato manhajar da suke ajiye tarihin aikinsu da ita, kuma an gina shi ne don mutane masu yawa a ƙasashe daban-daban su yi aiki a kan manhaja ɗaya. Duk lokacin da ka yi kwamit, Git yana ɗaukar hoton aikin gaba ɗaya a wannan lokacin, da sunanka, da ranar, da bayanin abin da ka canza. Abin da ya fi burge ni da shi a yanayinmu shi ne ba ya buƙatar intanet don yin haka. Tarihin duka yana cikin wata ɓoyayyar folda mai suna .git a kwamfutarka. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Gana da maƙwabtansu suka shiga wahalar sadarwa, mai aiki da Git ya ci gaba da kwamit ɗinsa a gida, turawa kawai ya jinkirta.

A nan mutane suke rikicewa: Git daban, GitHub daban. GitHub kamfani ne da ya buɗe a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, kuma aikinsa ajiye taskokin Git na mutane a intanet, wato foldar aiki tare da tarihinta. Tun Janairun 2019 yake ba da taskar sirri kyauta, wadda ba mai ganinta sai wanda ka gayyata, don haka kuɗi ba uzuri ba ne. Amma kwamit ɗin da ba ka tura da git push ba yana kwamfutarka kaɗai. Na ga wanda ya yi wata biyu yana kwamit kullum cikin tsari, bai tura ko sau ɗaya ba, aka fizge masa jaka a tashar mota. Tarihin mai kyau ya tafi tare da jakar.

Dalilin da foldar .git ba ta zama cikin Drive

Ni kaina na yi wannan kuskuren a farkon aikina, da wata manhajar daidaita folda, ina ganin dabara ce. Ina da kwamfutar ofis da ta gida, na ce me zai sa in riƙa turawa da jawowa tunda ga abin da zai yi mini da kansa. Na yi watanni lafiya. Wata rana aka ɗauke wuta a ofis ana tsaka da hawan fayiloli, na dawo gida na ci gaba da aiki a kan abin da ya iso, kashegari Git ya ce mini reshena, wato layin tarihin da nake aiki a kansa, yana nuni ga kwamit ɗin da babu shi. Kwana biyu na yi ina tono.

Ga abin da ya faru. Git yana rubutu bi da bi. Zai fara ajiye abin da ke cikin fayilolin a matsayin ƙananan guntaye, sai ya rubuta kwamit ɗin, sai a ƙarshe ya gyara wani ɗan fayil mai nuna inda reshen ya tsaya. Wannan jerin shi ne kariyarsa, don ko wuta ta ɗauke a tsakiya, alamar reshen ba ta riga kayan da take nuni gare su ba. Manhajar daidaitawa ba ta san da wannan jerin ba. Fayil ne kawai a wurinta, wanda ya fi sauƙi shi za ta fara ɗorawa. Sai ɗan fayil ɗin reshe ya isa, guntayen da yake nuni gare su suna hanya, ko ba su taso ba ma. Haka kuma lokaci-lokaci Git yana tattara dubban guntayen nan ya dunƙule su wuri ɗaya ya goge na asali, kuma in daidaitawa ta tsaya a tsakiyar wannan, gogewar tana iya isa kafin dunƙulen. Akwai kuma fayil ɗin kulle, index.lock, da Git yake ajiyewa na ɗan lokaci don kada aiki biyu su yi karo. In ya hau ya sauka a kwamfutar abokinka, Git zai ƙi yi masa komai yana cewa wani aiki na gudana. Mafi muni shi ne idan kwamfutoci biyu suka canza fayil ɗaya na cikin .git, manhajar ta ajiye biyun ta laƙaba wa ɗaya lamba a suna. Git bai san wannan baƙon ba.

Wani zai ce ai shi kaɗai yake aiki a kwamfuta ɗaya, kuma shekara guda bai ga matsala ba. Gaskiya ne haɗarin ya ragu sosai a haka. Amma kwafin da ke can sama ba ka da tabbacin cikakke ne a daidai lokacin da kwamfutar ta mutu, kuma lokacin ne kake buƙatarsa. Ga kuma cin data. In kuna amfani da kayan haɗa manhaja irin su React Native ko wani abu na dangin Node, foldar node_modules, inda ake tara kayan da aikin ya dogara da su, kaɗai tana iya ƙunsar fayiloli dubbai masu yawa, Drive yana ta ɗora su alhali umarni ɗaya ya isa ya sake sauko da su. Foldar build, inda haɗaɗɗiyar manhajar take fitowa, ma haka. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta kuma tare kake raba shi da Gmail da hotunanka.

Hanyar da ta dace ta kai Git cikin Drive ita ce a dunƙule shi ya zama fayil ɗaya tukuna. Git yana da umarnin da ya yi daidai da wannan: git bundle create aiki-2025-03-14.bundle --all. Wannan zai fito da fayil guda mai ɗauke da dukkan rassa da tarihin aikin. Ka duba lafiyarsa da git bundle verify, ka jefa shi cikin Drive. Fayil ɗaya ne da ba ya canzawa, ko ya hau ko bai hau ba, babu rabi da rabi. Ranar buƙata kuma git clone, umarnin sauko da cikakken kwafin aiki, za ka yi daga gare shi kamar daga GitHub. Ka lura da kwanan watan da na sa a sunan, kuma kada sabon ya danne tsohon. Da tsohuwar zuma ake magani.

GitHub ma ba gidan ubanka ba ne

Yanzu ga inda abokinka yake da saura. Tura aiki GitHub ya ba ka kwafi na biyu a nesa, amma kwafi ne da kai kanka za ka iya rusawa. Umarnin git push --force yana danne tarihin da ke can da wanda ke hannunka, kuma in naka gurgu ne, gurgun ne zai zauna. Ana iya cetowa sau da yawa, don Git yana riƙe bayanin inda rassanka suka taɓa tsayawa a abin da ake kira reflog, aƙalla kwana 30 a tsarinsa na asali. Sai dai wannan bayanin a kwamfutarka yake, ba ya bin turawa. Dunƙulen makon jiya da ke cikin Drive shi ne abin da wannan kuskuren ba zai taɓa ba.

Sai batun asusun kansa. GitHub ya fara tilasta wa masu tura aiki tabbatarwa mai mataki biyu a 2023, kuma abu ne mai kyau, amma a wurinmu yana da tarko. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana rufe layi kan batun NIN. In lambar shigarka tana zuwa ta wannan wayar kaɗai, ka kulle kanka a waje. Lokacin da ka kunna tsarin za a ba ka lambobin ceto. Ka buga su a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta. Kada ka bar su a matsayin hoto cikin wayar da za ta ɓace tare da su.

Kamfanoni kuma suna canza ra'ayi, ko a canza musu. Google ya rufe Google Code, wurinsa na ajiyar taskoki, a 2016. Bitbucket, wani wurin ajiya irin GitHub, ya daina karɓar taskokin Mercurial, wata manhaja mai aikin Git, a 2020. A 2019 GitHub ya taƙaita asusun masu amfani da shi a Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka, mutanen da ba su yi laifin komai ba sai zama a inda suke. A Yunin 2014 wani kamfanin ajiyar taskoki mai suna Code Spaces ya mutu cikin 'yan sa'o'i, bayan wani ya shiga asusunsu na Amazon ya nemi kuɗi, da suka yi ƙoƙarin ƙwace asusun ya goge bayanan tare da kwafin ajiyarsu, don duka a ƙarƙashin makulli ɗaya suke. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabar kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma wasu abokan cinikinsu sun gano cewa kwafin ajiyarsu yana harabar da ta ƙone. Abin da muke kira gajimare gini ne mai bango da wayoyin wuta a wani gari.

Shi ya sa masu wannan sana'a suke bin ƙa'idar nan ta 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri nesa. Ku kun kusa cika ta ba tare da kashe ko kwabo ba. Laftof ɗinka tana da cikakken tarihi, ta abokinka ma haka, GitHub na uku, dunƙulen cikin Drive na huɗu. In kana so ka ƙara taska ta biyu a GitLab, wani kamfani mai aiki irin na GitHub, minti biyar ne. Ni dai ina kuma ajiye dunƙulen wata-wata a filasha da ba ta kwana jikin kwamfuta, kuma ba ta shiga jaka ɗaya da ita. Filasha ba abar dogaro ba ce ita kaɗai, balle ta jabu mai rubutun girman da ba ta da shi, amma a matsayin kwafi na biyar ba ta da laifi.

Abin da Git ba ya ɗauka

Wannan ɓangaren ne ya fi cin mutanen da suke ganin sun gama shiri. Akwai fayil mai suna .gitignore inda kake lissafa abin da Git zai ƙyale. Wasu abubuwan ana ƙyale su ne don ana iya sake samar da su. Wasu kuwa ana ƙyale su ne don sirri ne, kuma su ba a sake samar da su.

Tunda manhajar waya kuke yi, na farko shi ne makullin sa hannu na Android, fayil ɗin keystore, da kalmar sirrinsa. In manhajarku tana Play Store a ƙarƙashin tsarin da Google ke riƙe ainihin makullin, kuka rasa na ɗorawa, ana iya neman a sauya muku. Amma in kuna raba fayil ɗin APK, wanda ake sa manhajar a waya da shi, hannu da hannu, ta WhatsApp ko Xender, kamar yadda da yawa suke farawa da masu shaguna, rasa makullin nan bala'i ne. Waya ba za ta karɓi sabon zubi mai sa hannu daban a kan tsohon ba. Sai mai shago ya cire manhajar ya sake sawa, kuma in lissafinsa a cikin wayar yake, ya tafi. Ka je ka yi wa Alhaji bayanin inda bashin mutanensa na wata shida ya shiga.

Haka fayil ɗin .env mai ɗauke da makullan shiga sabis-sabis da kalmar sirrin rumbun bayanai. Kada ya shiga Git ko da taskar ta sirri ce. Abin da ya shiga tarihi yana nan ko ka goge shi a kwamit na gaba, kuma akwai masu na'urorin da aikinsu kenan, bin taskokin da ke buɗe suna tsintar makullai. In ya riga ya shiga, ka soke makullin ka fitar da sabo, wannan ne maganin. Wurin ajiyar irin waɗannan shi ne manhajar adana kalmomin sirri kamar KeePassXC ko Bitwarden, ko ka ƙunshe su da 7-Zip ka sa musu kalmar sirri mai tsawo kafin su hau Drive. Abokinka ma ya san yadda ake buɗewa. Rai a hannun Allah yake, kuma ko tafiya ce ta kama ka bai kamata aiki ya tsaya ba.

Rumbun bayanai shi ma yana wajen Git. In kuna da saba mai MySQL ko PostgreSQL, sai kun riƙa fitar da kwafinsa da mysqldump ko pg_dump, a kan jadawali, ana kai shi wani wuri da ba sabar ba. Manhajar rclone tana iya kai shi Drive kai tsaye daga sabar. Manyan fayiloli irin su bidiyo da zanen asali kuwa, GitHub yana gargaɗi in fayil ya haura megabait 50, yana ƙin karɓa in ya haura 100. Waɗannan Drive ya fi dacewa da su.

Ka gwada dawowa

Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, kusan gigabait 300, yana zaton a sabarsu ta biyu yake aiki, ba a babbar ba. Suna da hanyoyin ajiya har biyar. Da aka je ɗauka, babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana faɗuwa shiru saboda zubin pg_dump ɗin bai dace da na rumbun ba, saƙonnin gargaɗin kuma ba sa isowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin lamarin, kuma bayanan awa shidan nan sun tafi. Taskokin Git na mutane ba su taɓu ba. Na jinjina musu da suka bayyana komai a fili, har aikin gyaran suka nuna kai tsaye a YouTube.

Tun daga lokacin na ɗauki wata al'ada. Duk bayan wata biyu ko uku nakan buɗe sabuwar folda, in yi kamar kwamfutata ta ɓace, in sauko da aikin daga dunƙulen da ke Drive, in bi bayanin da na rubuta a README, fayil ɗin da ke bayanin yadda ake tayar da aikin, in ga ko manhajar za ta tashi. Kusan duk gwaji sai na tarar da wani abu: fayil ɗin saiti da na manta yana kwamfutata kaɗai, ko wani mataki da yake kaina ban taɓa rubuta shi ba. Ku da kuke ku biyu kun fi ni sauƙi. Ka ce abokinka ya yi gwajin a kwamfutarsa ba tare da ya kira ka ba. Duk tambayar da ta tilasta masa kiranka, amsarta ta shiga README.

Wannan tsarin na mutum biyu ne masu aiki ɗaya, kuma iyakarsa kenan. Ranar da lissafin shagunan mutane da sunayen masu bin su bashi suka fara taruwa a sabarku, magana ta canza. Kwafin mako-mako ba zai isa ba, jefa bayanan mutane cikin Drive ɗinka na kanka ba tare da kullewa ba bai halatta ba, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 za ta hau kanku. Wannan zama ne na daban, da wanda zai ga sabar taku da idonsa.

Wajen fitar da aikin daga Drive kuma ka yi hattara. Kada ka ja foldar ka fitar da ita, don Drive zai ɗauka gogewa ka yi, ya cire ta daga can ma, har daga wurin abokinka in kun raba ta. Ka kwafe ta zuwa wata folda da ba ta cikin Drive, ka rubuta .gitignore kafin kwamit na farko, ka tura GitHub, abokinka ya sauko da ita ya tabbatar tana tashi a wurinsa. Tsohuwar foldar ka sauya mata suna ka bar ta a can wata guda kafin ka taɓa ta.